Darasin da Hauwa ta bari

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar taka? Mu a Haɗeja sai godiya.

Kafin rasuwarta, 'yata Hauwa ta ci dukkan darussan jami'a, koyarwar gwaji kaɗai ta rage mata ta sami shaidar malanta. Shekaranjiya hedimastan firamaren da take gwajin a Guri ya kawo mini littafinta. Akwai darasi guda kan ambaliya da ta tsara, ba ta koyar ba. Yau na je na koyar da shi, ban sauya mata kalma ba. Muryata ba ta karye ba sai da hedimasta ya sa hannu a shafin, shaidar cewa an koyar da darasin.

A ci gaba da yi mata addu'a. Ka gaida Yaya Binta.

Ƙaninka,
Ibrahim