Tambayar da Ta Sandarar da Kwamfutar Laburare

Zuwa ga Goggo Sigrid,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ko waya Baba ya miƙo mini sai bakina ya mutu. Ina fatan sanyin Anchorage bai tayar miki da ciwon gwiwa ba, Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Duluth kowa ƙalau. Baba ya koma aiki a tashar jiragen ruwa, ƙanina Torvald kuma ya fara haƙora, har takalmina bai bari ba wajen tauna.

Goggo, ke da kika daɗe kina kula da ma'ajiyar bayanai, ke za ki gane abin da na gani. A ajinmu na kwamfuta na gina wa laburaren makaranta wata manhaja, kamar ƙofa ce da wayoyi ke aiko tambaya ta cikinta, ita kuma ta ɗebo amsa daga ma'ajiya. Aka ce in ta jure gwajin ranar Juma'a da ita za a riƙa aiki, in ta faɗi a ɗauki ta wani. Malama Okimoto kuwa al'adarta ta fara damƙa aikin mutum ga 'yan aji, ta ce su rusa.

Dashiell, sarkin surutun ajinmu, ya kira ni bebiya, ya ce in tanadi hankicin share hawaye. Sai ya aika tambaya guda: a ba shi littafi, da marubucinsa, da littattafan marubucin, da marubutansu, haka ta yi ta zagayawa. Kwamfutar ta hau huci, ta sandare. Ko haushi ban ji ba. Ashe 'yar tambaya da ba ta cika tafin hannu ba tana iya haifar da dubbai!

Na sa iyaka, duk tambayar da ta cika zurfi a mayar da ita tun daga bakin ƙofa. Ranar Juma'a Malama ta sako wa ƙofar masu tambaya na bogi tuli a lokaci guda, Dashiell ma ya sake gwadawa. Ta jure, Goggo! Shi kuwa wai yatsunsa ne suka yi sanyi. Jiya na ga wata yarinya tana neman littafi da ita a layi, ba ta san wadda ta gina tana tsaye a bayanta ba.

A gaida Baba Anselm da su Birgit. In ba zan dame ki ba, ko kin yarje mini in sake rubutowa?

'Yarki,
Linnea