Muryarka a Rediyon Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ina fata Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Yelwa lafiya lau, sai kunnen Inna da ya ƙara nauyi.

Saƙonnin murya da kake turowa ba ta jin su a salula. Sai na kwashe su a kwamfutata, na kakkaɓe tsohuwar rediyon Baba mai manyan sifiku, na sayo wayar haɗi. Siririn kan na sa a ramin iyafis na kwamfuta, ja da farin a bayan rediyo. Kwana biyu ina fama kafin ta yi magana.

Da muryarka ta cika tsakar gida, Inna ta fashe da kuka tana shi maka albarka, har maƙwabta ta kira su ji ɗanta. Ni da ke durƙushe gaban sifika, cewa ta yi, "Ke Hadiza, gusa, kin tare shi."

Wallahi raina ya sosu. Shekara shida ina dafa mata, kai minti biyu ka yi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In za ka sake turowa, ka ce "Hadiza na da ƙoƙari", da ƙarfi. Rediyo kaɗai Inna ke saurare yanzu.

Ƙanwarka,
Hadiza