Jinin Ɗana Yana Hannunku Shekara Huɗu

Zuwa ga Farfesa, shugaban ɗakin binciken da ya ɗebi jinin iyalina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatanka, ni mahaifiyar Sadiƙu ce, mazauniyar Gwammaja, ina koyarwa a makarantar Islamiyya. Ba ka san ni ba, a takardunku lamba aka sa mini. Na rubuto a bainar jama'a ne don wasiƙu uku na bari a ofishinka ba amsa.

Na ɗaya. Sadiƙu yana shekara bakwai aka yi masa kaciya, jini ya kwana uku bai tsaya ba. A asibiti aka ce yana da ciwon rashin daskarewar jini, kuma yawanci ta wajen uwa ɗa namiji ke samunsa. Maganar nan kaɗai dangin mijina suka riƙe. Na lissafa 'yan'uwana maza da kawunnaina, an yi musu kaciya da ƙaho da tsaga, babu wanda jininsa ya taɓa ƙin tsayawa. Ba wanda ya saurare ni.

Na biyu. Daga nan aka turo mu wurinku. Wata likita 'yar ƙasar Sakkwato ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a cikin ƙwayoyin gado da ke jikin kowane ɗan Adam akwai wasu guntaye masu ƙaura. Sukan kwafi kansu, kwafin ya je ya sauka a wani wuri. Tun zamanin kakannin kakanni suke yin haka suna yaɗuwa, har sun kusa cinye rabin abin da muke ɗauke da shi. Mafi yawansu sun daina motsi. Amma jefi-jefi ɗaya kan tashi, ya faɗa tsakiyar ƙwayar da ke sa jini ya daskare, ya ɓata ta. Ta ce suna zaton abin da ya sami Sadiƙu ke nan, kuma idan ya tabbata, mai yiwuwa a kansa abin ya fara, ni ba na ɗauke da shi. Ta ce irin wannan ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa kuke so. Aka ɗebi jinina, da na mijina, da na Sadiƙu, da na yayarsa Bilkisu. Na sa hannu. Aka ce sakamako zai fito cikin wata shida.

Na uku. Shekara huɗu ke nan. Likitar ta bar aiki. Duk zuwan da na yi, akawun da ke bakin ƙofa yakan ce sakamako ya fito, amma sai Farfesa ya sa hannu, Farfesa kuma yana taro ko ya yi tafiya. Bara bayan ƙaramar salla Sadiƙu ya faɗi a wajen ƙwallo kusa da Ƙofar Mazugal, kansa ya bugu da dakali. Ya dawo gida da ƙafarsa, ya ci abinci, ya ce kansa na ciwo. Washegari da azahar aka yi masa sutura. Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. A zaman makoki surukata ta ce da mata masu gaisuwa wai jinin gidan iyayena ne ya jawo. Ina zaune ina ji, ban ji komai a raina ba, har yau kuma ban ji ba. Ina zuwa makaranta, ina dafa abinci, ina kwanciya.

Na huɗu. Bilkisu ta yi aure, yanzu cikinta wata bakwai, hoto ya nuna namiji ne. Ba ta san ko tana ɗauke da abin ba. Dangin mijinta sun riga sun yi wa wanzaminsu magana, ranar suna zai yi aski ya cire beli. Na ce a dakata, suka ce in kawo takarda.

Don haka ina roƙon abu uku. A ba Bilkisu sakamakonta a rubuce kafin ta haihu, a kuma sami wanda zai karanta mata da Hausa. A gaya wa asibitin da za ta haihu abin da ya kamata su tanada. Sannan idan akwai wasu iyalai da jininsu ke cikin firjinku, a neme su.

Nawa sakamakon kuna iya riƙewa. Surukata, wadda nake so in nuna wa, ta rasu da azumin da ya wuce.

Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa tsayuwa a bakin ƙofar wani kana jiran labarin ɗanka.

Wassalam.

Mahaifiyar Sadiƙu,
Gwammaja, Kano.