Ta'aziyyar Dakta Lamis, Wadda Aka Take a Bakin Aikinta

Cikin alhini da zuciya mai tafasa, Cibiyar Nazarin Sufurin Birni da ke Irbid ta samu labarin rasuwar Shugabar Sashen Gwaji, Dakta Injiniya Lamis Fawwaz al-Shubul, Ummu Yazan, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata da hantsi, bayan wata bas ta haya da ke tseren fasinja da 'yar'uwarta ta hau gefen titi ta take ta, tana tsaye tana duba na'urar da ta ɗaura a jikin fitilar hanya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen koya wa bas tuƙa kanta ba tare da direba ba. Ita ce ta ƙi yarda a tsaya gwaji a filin Cibiya, ta fito da motar cikin cunkoson kasuwa, inda mai tallan kabewa ke tura baro a tsakiyar titi. Sau da yawa ta ce mana: "Ku bar ni da tsere, ni dai motar nan ta iya jiran tsohuwa ta gama hawa." Ba ta huta ba sai da motar ta iya.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, mai motar da ta kashe ta shi ne ya miƙe a taron majalisar gari a bara yana dariya, ya ce: "Mace da motar wasan yara za su kore ni daga layina?" Shi ne kuma yake sallamar duk direban da aka riga shi kwasar fasinja. Yanzu yana yaɗa cewa birki ne ya ƙwace. Ƙarya yake yi. Bas ɗinmu ta gwaji tana ajiye a wurin, kyamararta ta ɗauki komai, mun kuma miƙa hoton ga mai gabatar da ƙara.

Muna jinjina wa mahaifinta, dattijo Alhaji Fawwaz, Abu Mu'utaz, wanda ya ce wa tawagar neman sulhu da aka tura masa, wadda a al'ada ba ta shan gahawar da aka zuba mata sai an amsa roƙonta: "Ku tashi, gahawarku ta huce. 'Yata ba ta sulhu ba ce." Cibiya na bayansa. Lauyoyinmu ba za su janye ba har sai direban da ubangidansa sun kwana a kurkuku, kuma layin farko da za mu nema wa motar Lamis shi ne layin mutumin nan, tasha bayan tasha, har ranar da motocinsa za su yi tsatsa a gareji babu mai hawa.

A madadin Shugaban Cibiya da ɗaukacin ma'aikata, muna miƙa ta'aziyya ga mijinta, Injiniya Haisam, da 'ya'yanta Yazan da Tala, da dukkan zuriyar al-Shubul. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalinta juriyar wannan rashi. Wanda kuwa ya jawo, mu ba mu yafe ba, Allah Ya isa.

Sa hannu:
Injiniya Ziyad al-Mumani
Kakakin Cibiyar Nazarin Sufurin Birni, Irbid