Hayaƙin Tazargade da Kukan Sadiƙu

Gummi, daren Laraba, daminar 2016

Yau ma surukata Inna ta yi wa Sadiƙu hayaƙin tazargade. Shekararsa biyar, har yanzu ɗan nawa bai magana. Da warin ya taɓa hancinsa sai ya fasa ƙara, yana buga kai da bango. Inna ta ce, "Kin gani, ɗiyata? Iskan ne ke jin wuta. Ƙaro garwashi."

Ban ƙaro ba. Na fitar da shi, ya cusa fuska cikin tsohon zanena, ya yi tsit.

Amma haka yake yi ko daddawa aka jefa a miya. Ita ma aljani take kora? Inna kuwa da hawaye take hura wutar nan. Gobe za ta sake, ban san me zan riƙe ba, hannunsa ko kaskon.