Fitilar da Na Kashe a Motar Kawu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Kawu Muntaka ya tada motarsa bayan wata biyar a ajiye saboda tsadar mai. Zai koma kai hatsi Dawanau. Tana tashi, tana mutuwa, fitilar inji a kunne. Na jona mata kwamfutata ta gwajin mota, rabin unguwa a kaina. Lamba ta fito, P0335, wato matsalar sansa, 'yar na'urar da ke lura da juyin inji. Malam Tasi'u mai wayarin ya ce a buɗe a duba wayoyi tukuna. Na ce, "Baba, zamanin laluben nan ya wuce." Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An sayar da ragon da Inna Kaltume, matar Kawu, take kiwo tun bara, don a sayo sansa. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. "In dai Basiru ya faɗa, a sayar," in ji ta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na ɗaura sabuwa. Lambar ta dawo. Na kunce, na mayar, ta sake dawowa. Kawu yana tsaye da carbi yana jira, gumi ya wanke ni. Sai na danna na goge lambar, fitila ta mutu, na ce an gama. Ya sa min albarka har ya kama hannuna. Na san gogewa ba gyara ba ce, abin da aka fara koya mana ke nan a makarantar kanikanci a Kano.

Asabar, 9

Wataƙila ta gyaru da kanta. Yakan faru.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ba ta gyaru ba. Ta mutu a hanyar Dawakin Tofa da Inna a ciki, za a kai ta awon hawan jini. Awa biyu tana zaune a gindin darbejiya, ƙafafunta a kumbure, har aka samu mai babur. Da na je gaishe ta ma ita ke ba ni haƙuri, wai ƙarfe ba shi da amana. Na kasa cin tuwon da ta sa aka zubo min.

Talata, 12 ga Nuwamba

An janyo motar gida, Kawu ya kira Malam Tasi'u. Yana buɗe bonet ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Me kuka ajiye a motar nan da damina?" Kawu ya ce gyaɗar iri, buhu uku, don rufin ɗaki yana yoyo. Ni da hannuna na taya lodawa! Ya zura hannu bayan inji ya zaro waya, ɓera ya ci ta saura zare biyu. Ya haɗa, ya naɗe, mota ta tashi lafiya lau. Tsohuwar sansar ma ba abin da ya same ta.

Bai kalle ni ba. Sai cewa ya yi da jama'a, "Na'urarsa ta nuna unguwar, ni gidan kawai na nemo." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kowa ya ɗauka kuskure na yi. Kuskure daban, abin da na yi ran Juma'a daban.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na bi Kawu gona, ana yankan dawa. Na faɗa masa komai, har gogewar. Ya ci gaba da yanka kamar bai ji ba, sai da ya kai ƙarshen kunya ya miƙe. Ya ce, "Lokacin da ka goge, ka san innarka zan ɗauka ranar Litinin?" Na ce na sani. Ya ce, "Kada innarka ta ji. Har jiya tana faɗa wa mata ɗanta injiniya ne."

Laraba, 20 ga Nuwamba

Wani ya kawo mota daga Ungogo, fitila a kunne. Lamba ta fito, ya ce me zai sayo. Na ce ban sani ba tukuna, ya bi ni rumfar Malam Tasi'u. Ba wani abu ba ne, can ya fi inuwa.