Fumfuna a Ɗakin Hanan

Daren Laraba, tsakiyar Janairu, Croydon

Yau ma hazo da yayyafi. Masu hasashen yanayi sun ce haka za a ci gaba har mako mai zuwa, kuma babu sanyi sosai. A wurin aiki kowa murna yake yi. Ni kuwa wannan ɗumi mai laima shi ya jawo mini fumfuna, baƙa ƙirin, a bangon ɗakin 'yata Hanan. Kwana uku tana tari, asmarta ta tashi.

Da rana mai gidan da muke haya ya zo. Ya shafa bangon da yatsa ya ce, "Madam, girkinku ne ya yi yawa. Ku riƙa buɗe taga." In buɗe taga hazo ya shigo ya kwana da mu? Abban Hanan yana tsaye sai "to, to" yake yi, har da raka shi bakin ƙofa! Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai.

Na ɗauki hoton bangon na tura wa council, ƙaramar hukumar da ke sa ido kan gidajen haya, da sunana ni kaɗai, na jawo katifar Hanan falo. Da Abbanta ya tambaya a ina zai kalli ƙwallo, na ce ya je wajen mai gidan, tunda sun saba.